Fim Ɗin da Na Buɗe wa Rana

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da kun matsa mini in rubuta tarihina kafin ido ya ƙarasa tafiya, to ku yi haƙuri da wannan babi, don ba irin wanda kuke so ku ji ba ne. Kun san hoton yayanku Bube, ɗana na fari, wanda ya rasu lokacin babbarku Asma'u tana goye. Yana zaune a cinyar kakarku Inna da ludayi a hannu, yana ƙyaƙyata dariya. Kowannenku ya sa an sake wanke shi ya rataye a falonsa, kuma duk baƙon da ya tambaya kukan ce Baba ne ya ɗauka. Ba ni na ɗauka ba. Ƙanena ne, Baffanku Ummaru na Shagari. Akwai kuma wasu hotuna goma sha biyu da ya yi wa yaron daga baya, waɗanda aka gaya muku shi ya ɓata su don rashin iyawa. Wannan ma ƙarya ce, kuma ni na ƙirƙire ta.

Ina malamin firamare a Bodinga lokacin da aka samu mulkin kai. Wani Baturen makaranta da zai koma ƙasarsu ya bar mini kyamara, baƙin akwati ne ɗan ƙarami mai madubi a sama, ana riƙe shi a ciki a sunkuya a leƙa. Fim ɗaya hoto goma sha biyu yake ɗauka, sai a kai Sakkwato a wanke. Ya haɗa mini da ɗan littafin dokokinta, ni kuwa na haddace su kamar karatun allo: rana ta kasance a bayanka, ka ja da baya taku shida, ka ɗauke numfashi, ka danna. Kafin shekara ta zagayo na zama Malam Mai Hoto. Ranar sallah mutane sukan yi layi a ƙofar gidana da manyan riguna, in jera su suna fuskantar rana, in daka musu tsawa kada wanda ya motsa. Hotunan sukan fito kowa ya runtse ido ya ƙame kamar an kira shi gaban alƙali. Babu wanda ya taɓa ƙorafi, don babu wanda ya san hoto na iya fitowa ta wata hanya. Ni ma ban sani ba, ga shi kuma kaina ya kumbura har hula ta fara yi mini kaɗan.

Dole in tsaya in bayyana muku wani abu, don ku yanzu kuna ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna cilla su sama a gaban surukai. A zamaninmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka nuna ka san yana wurin. Ni ban taɓa cewa Bube da bakina ba yana raye, sai dai in ce yaron nan. Mahaifiyarku ta fi ni tsanani, ko kallonsa ba ta yi in da ido a wurin. Da aka yaye shi kuwa, Inna ta zo ta goya abinta ta tafi da shi gidanmu na Shagari, kamar yadda aka saba. A can ya tashi a hannunta da hannun Ummaru, wanda ya zauna gida yana noman albasa a fadama tun da aka kai ni makarantar boko aka bar shi. Ummaru shi ke saɓa shi a wuya, shi ke sassaƙa masa jirgin kara. Ni in na je, yaron yakan durƙusa daga nesa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri, ya ruga ya ɓuya bayan zanen Inna. Haka al'ada ta ce, kuma na yi ta biyayya, amma a cikina abin yana ci na.

Wata sallar layya muka je Shagari da mahaifiyarku, ni da sabon keke, na so a ɗauke ni a kansa. Mai hoto ba ya ɗaukar kansa, sai na kira Ummaru.

Ya juya akwatin yana dariya ya ce, "Yaya, wanga ɗan abu shi ka haɗiye mutum dut da rawaninai?"

Na ce, "Riƙe shi ga cibiya. Kak ka numfasa. In nic ce danna, ka danna, kak ka yi mani ƙauyanci."

Ya danna. Daga nan aka kira ni gaisuwa gidan liman, na bar kyamarar a hannunsa da saura uku a ciki. Da na dawo ya cinye su duka. Na yi masa fata-fata a gaban mutane, ya yi ta ba ni haƙuri yana sosa ƙeya.

Bayan mako biyu na je Sakkwato karɓar hotuna. Mai wankin ya zube su a tebur, ya ture tara gefe da bayan hannu, har da ni da kekena, ya ɗaga uku. Ɗaya Inna ce tana tankaɗe, haske ya kwanta a gefen fuskarta, kana iya ƙirga tsagar kumatunta. Ɗaya mahaifiyarku ce ta juyo daga bakin murhu za ta rama wata tsokana, don kun san ƙanen miji abokin wasa ne, shi kaɗai ke iya sa ta dariya a tsakar gida. Na ukun shi ne wanda ke falonku. Mutumin ya ce tun da yake wanke mini fim ban taɓa kawo irin waɗannan ba, hannuna ya faɗa. Na buɗe baki in ce ba ni ba ne, sai na ji kaina ina cewa ai yau da gobe ba ta bar komai ba. A mota ina ta kallon fuskar yaron. Ban taɓa sanin yana da wushirya ba sai a wannan takarda, ni da na haife shi.

A Bodinga ma haka aka yi. Hedimasta ya karɓi na Inna ya zagaya da shi ofis, malamai suna ta sa mini albarka, ni ina amsawa. Mahaifiyarku kuwa da na zube mata su a tabarma, ta ɗauki nata ta yi tsaki ta ce wannan mai warin albasa ya kama ta baki buɗe. Na yaron ba ta ko taɓa shi ba. Amma da na tattara sai na ga babu shi. Kwana uku bayan haka na shigo daga makaranta ba ta ji sallamata ba, na tarar ta buɗe babbar kwallarta ta jere, ta fito da shi tana shafa fuskar da yatsa. Ta mayar da sauri ta rufe, ni ma na yi kamar ina neman takalmi. Ina da wani hoton yaron da na ɗauka da hannuna, yana tsaye ƙiƙam a rana da hular da ta rufe masa kunne. Wannan yana manne a bango kowa na gani, ba ta taɓa tsayawa a gabansa ba.

A nan hassada ta shige ni, kuma ba zan sa mata wani suna mai daɗi ba. Ni na yi boko, ni na karanta littafin, ni ke da kyamarar. Mutumin da bai iya rubuta sunansa da boko ba ya riƙe ta sau ɗaya ya kunyata ni. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Da abin ya tsaya ga hoto, da na haɗiye. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dariyar nan, don na san wanda yaron yake kallo lokacin da ya yi ta. Na sa a raina ɗana yana da fuska biyu, ta tsoro tawa ce, ta murna ta Ummaru.

Da na sake zuwa Shagari na bi shi fadama, na yi kamar jarrabawa nake masa, na tambaye shi yadda ya yi.

Ya jingina da fartanya ya ce, "Ai ba wani abu ba na, Yaya. Kai kana tsai da su ga rana awa an kama su da sata. Ni durƙusawa ni kai, tsawona shi zan ɗai da na yaro. In aje shi bakin ƙohwa inda haske ka shigowa, rana ba ta dukan idonai. Sannan in ƙyale shi da abin da shi kai, in yi ta jira. In ya mance da ni, sai in danna."

Na ce, "Littahi bai ce hakanan ba."

Ya ce, "Tau, halan mai littahin ba ya da ɗiya."

Wasa ya yi, amma ni ban ji ta a wasa ba. Na koma Bodinga na gwada a ɓoye da 'ya'yan maƙwabta. Na durƙusa da babbar riga a ƙofar zaure, yara suka ga Malam a ƙasa suka watse da gudu, suna tsammanin bulala zan ɗauko. Wanda na kama ya tsaya ya ƙame yana hawaye. Na ƙone fim guda a banza. Dabarar Ummaru gaskiya ce, na ga hasken bakin ƙofa ya fi na tsakar rana kyau nesa ba kusa ba, sai dai tana bukatar mutumin da yaro zai iya mancewa da shi, ni kuwa na shekara goma ina koya wa yaran garin kada su mance da ni.

Shekara biyu ban sake barin kyamarar ta shiga hannunsa ba. In ya tambaya in ce babu fim. Sai a shekarar da nake ba ku labari, lokacin cirar albasa, yaron yana da shekara huɗu da wani abu, mahaifiyarku ta bi ta bayan fage. Ba za ta iya ce mini tana son hoton ɗanta ba, sai ta aika wa Inna da daddawa da saƙo. Da na je gaisuwa Inna ta tare ni tun ban gama cire takalmi ba.

Ta ce, "Ba ƙanenka akwatin ga shi yi ma yaro hoto, ya girma uwatai ba ta gani. Ko da shi anka haihe ka?"

Na ce, "Inna, abin yana da wuyar sha'ani, kak shi lalace."

Ta ce, "Wancan karon lalacewa yay yi?"

Ashe ta sani, duk gidan sun sani. Ba a musu da Inna. Na sa sabon fim da hannuna na miƙa masa, ko kallonsa ban yi ba.

Ya riƙe ta kusan wata guda. Ni da nake cinye fim a hantsi ɗaya, shi sai ya yi kwana uku bai danna ba. Ranar wata kasuwar Bodinga suka zo da Inna da yaron, suka kwana biyu a gidana. Ina jin su a tsakar gida, Ummaru yana tsokanar mahaifiyarku wai miyarta ba gishiri, tana ce masa ya je ya yi aure ya huta da kwaɗayi, yaron yana dariya. Da na yi gyaran murya a zaure sai gidan ya yi tsit. Da za su tafi Ummaru ya kawo mini kyamarar a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

Ya ce, "Sun cika sha biyu, Yaya. Ban taɓa bayanta ba, ban iya hidda shi ba. Akwai guda ciki da ni ka so ka gani da kanka."

Na ji maganar kamar gori. Na ce a raina, wato har ya zaɓo wanda zai ƙarasa ni da shi.

Ranar Asabar na hau keke zan je bakin hanya in shiga motar Sakkwato. Da na fita bayan gari na sauka a gindin wata tsamiya. Ba zan ce shaiɗan ya ruɗe ni ba, don shaiɗan bai san yadda ake buɗe kyamara ba. Ni na sani. Na san in za a fitar da fim sai an naɗe shi ƙarshe cikin takardarsa, a inuwa. Na fita daga inuwar na tsaya a tsakiyar rana, na ɓalle murfin baya, na zaro fim ɗin na warware shi tsawon hannu biyu, na riƙe shi sama har na ƙirga ashirin. Babu abin da ake gani a jikinsa, kuma babu abin da za a sake gani. Abin da ya fi ba ni kunya yau shi ne daɗin da na ji a wannan lokacin, sanyi har cikin ƙirji. Na naɗe shi na kai birni duk da haka, don in samu shaida. Mai wankin ya ba ni shi baƙi ƙirin, ya ce haske ya shiga.

Na kai Shagari na ajiye a gaban Inna da Ummaru, na ce ga abin da nake gudu, wanda bai iya ba ya buɗe bayanta haske ya cinye komai. Ummaru ya ɗaga baƙin fim ɗin ya duba ta sama ya duba ta ƙasa, sannan ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Ƙila hakanan na, Yaya. Ku yi haƙuri."

Ban taɓa jin ya ce mini ku ba sai ranar. Mahaifiyarku da na gaya mata, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Na ce mata in an kwana biyu ni da kaina zan ɗauki wasu, waɗanda suka fi waɗannan.

Ba a kwana biyun ba. Da bazara ƙyanda ta shiga Shagari ta bi gida-gida. Saƙo ya iske ni a aji ranar Talata cewa yaron ba lafiya, na ce sai Juma'a in an tashi, don kada a ce Malam ya bar aiki ya ruga saboda ɗan fari. Ranar Alhamis da hantsi aka aiko ya cika. Ummaru ne ya ɗauke shi zuwa makwanci. Ni na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa da busasshen ido, ana yaba mini dauriya.

Mahaifiyarku ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ita ma al'ada ta hana ta. Amma tun daga ranar ba ta ƙara yi wa Ummaru wasa ba. In ya zo ta gaishe shi kamar baƙo, ta aiko masa da abinci, ta shige ɗaki. Sau ɗaya tak na ji ta yi maganar, bayan arba'in, yana tsaye a bakin ƙofarta yana ƙoƙarin sa ta murmushi.

Ta ce, "Da ka bar abin da ba ka iya ba, Ummaru, da yanzu ina da abin dubawa."

Ina zaure ina ji. Taku biyar ne tsakanina da su. Ummaru ya ce ta yafe masa, ya fito ya wuce ni ya ce sai an jima, Yaya. Shekara talatin da ɗoriya ta rayu bayan wannan, tana riƙe da shi a zuciya, shi kuma bai taɓa wanke kansa ba. Ta rasu ban gaya mata ba. Kullum in na yi niyya sai in ce gobe, don na san irin kallon da za ta yi mini, kuma na fi son ta ci gaba da yi wa ƙanena shi. Kyamarar kuwa na ci gaba da aiki da ita, kuma duk hotunanku na yarinta da kuke yabawa, a bakin ƙofa, ina durƙushe, da dabararsa na ɗauke su. Ku ba 'ya'yan fari ba ne, an yarda in durƙusa muku.

Sai da muka tsufa duka, bayan rasuwarta da shekara biyu, na je Shagari na same shi da la'asar a rumfar da yake shanya albasa, ƙafa ta riga ta hana shi zuwa fadama. Na zauna na faɗa masa komai, har tsamiyar, har ƙirga ashirin ɗin. Bai daina ɓare busasshen ganyen da ke hannunsa ba.

Ya ce, "Na sani tun ranar, Yaya. Ni dai na san ban buɗe ba."

Na ce, "Mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya ce, "In hwaɗi ta rasa ɗa ta rasa miji? Ni ƙanen miji na, in ta yi hushi da ni ba gidan da ka mutuwa."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun ba yau ba. Sai na tambaye shi abin da ban taɓa iya tambaya ba, ko yana tuna abin da ke cikin hotunan. Ashe yana riƙe da su duka a kai, ɗaya bayan ɗaya. Ya lissafa mini: yaron a kan jaki tsakanin buhunan albasa, yaron yana wanke allonsa a bakin rijiya, yaron ya yi barci da ɗan akuya, yaron da uwarsa tana ɗaura masa wando tana tsammanin babu mai ganinta. Ya kai sha ɗaya ya tsaya. Na ce saura wanda ka ce kana so in gani.

Ya ce, "Wanga a gidanka na, Bodinga. Kana tsugune ƙohwar zaure kana gyaran sarƙar keke, ka ba mu baya. Shi ko ya laɓe ga zana yana leƙenka, ya naɗe hannun rigatai awa yadda kan naɗe taka, yana kwaikwayon yadda ka ka murza hedar keken. Dut hotunan da niy yi mai, ba inda yay yi dariya irin ta nan. Kullum hakanan shi kai in ka juya baya. Cewa shi kai, in ya girma shi ka riƙe maka keke."

Bakina ya ɗauko tambayar masu hoto, don ita kaɗai ta rage mini, na ce hasken ya yi kyau kuwa?

Ya ce, "Ya yi, Yaya. Hantsi na, ga inuwa. Ku biyu dut kun hito."

Shi ne kaɗai hoton da aka taɓa ɗaukata tare da ɗana, kuma ni na tsaya a rana na riƙe shi sama har ya ƙone.